Tahidu Mai Fitila da Tashar Jirgin Tamale

A unguwar Sabonjida ta Tamale in ka ce Tahidu kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Tahidu Mai Fitila kuwa, kowa zai nuna maka rumfarsa a gefen masallaci, inda gwangwanaye ke rataye a igiya suna bugun juna. Kakansa falken goro ne da ya taso daga Katsina, ya yada zango a Tamale, bai ƙara gaba ba. Babansa maƙerin gwangwani ne, yana yin fitilar aci-balbal da mazurari da bokiti. Tahidu ya buɗe ido ya ga almakashin yankan kwano a gidansu, kuma da shi ya girma.

A shekarar 1946, yana ɗan shekara goma sha tara, ya hau bayan motar shanu ya tafi Kumasi. Da aka ga hannunsa ya san fitila, sai aka ɗauke shi aiki a reluwe, a ɗakin fitilun tasha. Kullum da safe ya wanke gilasai, ya datse lagwani, ya zuba kananzir, ya hau dogayen sandunan sigina ya rataye. Daga can sama yake ganin tashar duka kamar an shimfiɗa masa ita a faranti: tankin ruwa a kan ƙafafunsa huɗu, ɗakin mai sigina da matakalarsa, rumfar kaya mai dogon rufi, layuka suna haɗuwa suna rabuwa. Sau da yawa sai an kwaɗa masa kira daga ƙasa kafin ya tuna ya sauko.

Shekara tara ya yi a nan. Da babansa ya rasu ya dawo gida ya buɗe rumfar. A cikin akwatin da ya dawo da shi akwai wani kan jirgin ƙasa na wasa, na kwano, mai makulli a gefe, da tarago biyu. Wani direban jirgi Bafante, mutumin kudu, shi ya ba shi, bayan 'ya'yansa sun tsinke sifirin ɗin ciki, naɗaɗɗen ƙarfen da ke sa shi gudu. Tahidu ya naɗe shi a tsumma ya cusa ƙarƙashin gado.

Shekarar da ta biyo ya auri Hawawu, 'yar Choggu da ke gefen gari, wadda uwarta Badagomba ce maginiyar tukwane. Hawawu ba ta taɓa wuce Savelugu da ke nan kusa ba. Jirgin ƙasa kuwa ko kusa da Tamale bai taɓa zuwa ba, a Kumasi dogo ya tsaya. Duk lokacin da Tahidu ya ɗauko labarin tasha sai ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai, sannan ta yi tambayar da za ta nuna masa ba ta ga komai ba.

"Maigida, wai ka ce ɗakuna ne a jere suna gudu?"

"Ɗakuna ne masu ƙafa, ɗaya na jan ɗaya."

"To, in na gaba ya juya, na baya yaya yake sanin hanya?"

Ya zana mata a ƙasa da tsinke, bai yi ba. Ya jera mata kwanukan miya, ta yi ta dariya. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da damina ta ja baya, sai ya jawo tsumman nan daga ƙarƙashin gado. Akwai wani mataccen agogon bango da aka kawo masa gyara aka bar masa. Ya farke cikinsa ya zaro sifirin, ya rage tsawonsa, ya gasa bakin a wuta ya lanƙwasa, ya ɗaura a cikin kan jirgin. Ya murɗa makulli sau shida ya ajiye a tsakar gida.

Abin ya zabura. Ya keta tsakar gida yana ƙara kamar gyare, kaji suka watse, Hawawu ta yi tsalle ta hau turmi tana salati, jirgi ya je ya yi karo da randa ya kife, ƙafafunsa na ta juyawa a sama.

"Sake! Maigida, sake shi!" in ji ta daga kan turmin.

Cikin mako biyu ya yi masa hanya. Ya yanka garwar kananzir siri-siri, ya ninke kowane yanki a bakin maƙera har ya tsaya da kansa, ya yanka akwatin sabulu ƙanana ya jera a ƙarƙashi, ya kafe duka a kan wani tsohon ƙyaure da ya ɗora a benci biyu cikin ɗakin da babansa ke ajiye kaya. Jirgi ya hau layi ya zagaya, taragon na bin sa, bai faɗi ba. Hawawu ta tsaya ta kalli zagaye uku.

"Yanzu na ga yadda na baya ke bin na gaba," ta ce. "Amma ina za shi? Ba gari, ba mutum, ba ko itace. Sai zagaye kamar akuyar da aka ɗaure a turke."

Tahidu ya tsayar da jirgin. Ya dubi ƙyauren nan fayau.

"Tamale za shi," ya ce.

"Ai jirgi ba ya zuwa Tamale."

"Wannan zai zo."

Tasha ya fara ginawa. Kwana biyar yana yanke-yanke da goge-goge tsakanin masu kawo gyaran fitila, ya yi mata rufin kwano da baranda da ƙofa mai buɗewa. Da ya gama sai ya aika a kira masa Imoru, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda yake tuƙa lori tsakanin Tamale da Kumasi, kuma bai taɓa yarda cewa akwai abin da ya fi lori ba. Imoru ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya sunkuya, ya dubi tasha, ya dubi jirgi, sai ya fashe da dariya har ya dafa bango.

"Aboki, mutanen tasharka samudawa ne? Wannan ƙofa ai jirgin duka zai shige ta, har da hayaƙinsa."

Gaskiya ne. Ƙofar ta fi kan jirgin tsawo. Tahidu ya zauna a kan garwa yana duban ƙofar, Imoru har ya fara jin kunya. Can sai ya miƙe zumbur ya zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya, ya kara shi a ƙofar da direba ke tsayawa a jikin kan jirgin, ya datse daidai nan. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ɗaga shi sama.

"Ka ga wannan? Shi ne mutum. Daga yau komai da shi za a auna."

Suka sa masa suna Malam Tsinke, Hawawu ta ɗaura masa jan zare a wuya don kada a share shi. Tahidu ya ɓalle tashar farko ba tare da ya waiwaya ba. Abin da ya rage shi ne ya san kowane abu na gari mutum nawa ne. Sai ya shiga yawo a Tamale yana auna duniya da jikinsa. A gan shi ya jingina da bangon ɗakin wani ya ɗora tafin hannu a ka, ya ja da baya yana ƙirge. A gan shi a gindin rimi ya ɗaga kai yana motsa leɓe. Ɗakin Dagomba mai zagaye, bango mutum ɗaya da ɗan ƙari, jinka mutum ɗaya da rabi. Kaɗanya mutum biyar. Rimin bakin hanya ya fi goma sha biyu. Wata rana liman ya same shi ya miƙe a ƙasa a ƙofar masallaci yana auna faɗinta da tsawonsa, ya tambaye shi ko lafiya.

"Lafiya lau, Afa. Mutum ɗaya da kamu biyu ce."

Ƙyaure ɗaya ya kasa. Ya samo na biyu, ya samo na uku, ya haɗa su a tsaye ya kafe da katako ta ƙasa. Can ƙarshen ɗaki Kumasi, nan bakin ƙofa Tamale, a tsakiya kogin Yeji, a hayinsa garin Salaga. Layi ya tafi ta gefe ɗaya, ya zagaye gari, ya dawo ta ɗayan.

A kan kogin nan ne Imoru ya sauya. Shi da yake zuwa don tsiya, ranar da ya ji za a yi gada a Yeji sai ya jawo garwa ya zauna.

"Ka san kwana nawa na taɓa yi a bakin ruwan nan ina jiran jirgin fito? Biyu! Doya na ya fara ruɓa, fasinja na zagi na. In za ka yi gada, yi mai kyau. Ruwan yana da faɗi, kuma da damina yana hawa har gindin itatuwa. Ƙafafun su yi tsawo."

Da ya dawo daga tafiya ta gaba sai ga shi da fasasshen gilashin gaban mota naɗe a buhu. Tahidu ya shafa wa bayansa bula da ɗan koren fenti, ya kwantar da shi a tsakiyar ƙyaure, ya rufe gefunan da yashi. Suka ja baya su biyu. Hasken taga ya sauka a kai, sai ga ruwa kwance, har da inuwar fuskokinsu a ciki. Imoru ya kai yatsa ya taɓa, ya duba yatsan ko ya jiƙe. Gadar kuwa da wayoyin ƙafar keke aka yi ta, Tahidu ya gicciya su ya liƙe kowace mahaɗa da dalma, mahaɗa ɗari da wani abu, har yatsunsa suka yi bororo. Ya ɗora ta a kan ƙafafu shida, Imoru ya ɗora tafin hannunsa ya danna, ko motsi ba ta yi ba.

Kwano da waya Tahidu ya sani, ƙasa ce ta ba shi kunya. Ya kwaɓa laka ya yi tuddai da gaɓar kogi da bangayen gidaje, suka yi kyau da yamma. Bayan kwana uku sai ya tarar duk sun dare, tudun Kumasi ya rabu gida huɗu, bangayen Salaga sun zube a kan layi. Ya sake, suka sake darewa. Hawawu ta shigo da kwanon koko ta same shi riƙe da guntun bango, ta karɓa ta murje shi a tafinta ta sansana.

"Wa ya ce maka haka ake yi wa yumɓu? Ka ba shi ruwa kawai ka ce ya tsaya? Matsa."

Ta aika Choggu aka kawo mata yumɓun uwarta. Ta daka tsingaro ya yi laushi ta zuba, ta ƙara ƙaiƙayin shinkafa, ta tattake da ƙafa, ta rufe da ganye kwana biyu. Tuddan ba ta cika su da laka ba, ta kifa sakaina a ƙasa ta yaɓa siriri a kai. Da suka bushe ta shafe su da ruwan makuba, suka yi ja-ja suna ƙyalli kamar daɓen sabon ɗaki. Ko tsaga ɗaya. Daga ranar ɗakin ya zama na mutum biyu. Ita ke gina ɗakunan zagaye a bakin ƙoƙon shan magani, shi yana yi musu jinka da zaren rama da ya taje da ƙusa. Gardama kuwa kullum.

"Wannan rumbun ya yi kiba."

"Na auna shi da Malam Tsinke."

"To Malam Tsinke bai taɓa zuba dawa a rumbu ba. Rage masa ciki."

Itatuwa sun ba su wuya har sai da Tahidu ya tumɓuke wata busasshiyar ciyawa a bayan gida ya juya ta, ya ga saiwarta ta yi rassa sak irin na kaɗanya. Ya ruga ciki yana kiran Hawawu tun daga zaure. Suka yayyage soson wanka, suka rina shi kore, suka manna a saiwoyin da ƙaro. Na kudu suka yi su dogaye masu duhu a cunkushe, na arewa gajeru a warwatse. Garin katako da aka rina ya zama ciyawa. Gwangwanin madara a kan ƙusoshi huɗu ya zama tankin ruwa. Takardar cikin kwalin shayi, da aka murza ta a kan matsefi, ta yi layi-layi ta zama kwanon rufi. Sabuwar tasha ta tashi daidai da Malam Tsinke, da agogonta na maɓallin riga, da fitilu ƙanana masu jan gilashi da kore, waɗanda Tahidu ya ɗauki kwana biyu a kan kowace, don ya ce ko komai ya karkace, fitila kam ba za ta karkace a hannunsa ba.

Mma Zaratu, tsohuwa mai sayar da koko a bakin lungu, ita ta fara fasa labarin. Ta shigo karɓar ƙwaryarta, ta leƙa ɗakin, ta tsaya cik.

"La ilaha! Wannan ba masallacinmu ba ne? Ga rijiyar! Ga rimin!" Ta matso tana dafa gwiwa, hancinta har yana taɓa jinka. "To ina gidana?"

"Mma, ban kai nan ba tukuna."

"Ka kai rijiya, ka tsallake ni? Ɗana, ni na yi maka wankan jego da kai da uwarka."

Ya gina mata. Ta zo ta duba ta ce ƙofarta ba a miƙe take haka ba, ta karkace hagu tun shekarar fara, kuma ina zabinta? Ya karkatar da ƙofar. Hawawu ta mulmula zabi uku kamar ƙwayar wake, ta ɗiga musu farar ƙasa da bakin allura. Mma Zaratu ta fita tana shela, kafin la'asar lungun ya cika.

Daga nan ba su sake samun sararin kansu ba. Mahauci yana son rumfarsa, tela yana son a sa kekensa a baranda, mai gyaran keke ya kawo wayoyi dami guda ya ce a yi masa ko da inuwar mangwaronsa ce. Dangin Hawawu suka zo daga Choggu su shida, suka ga tasha a gefen Sabonjida, suka ce sam, fili yana wajensu, jirgi a Choggu ya kamata ya tsaya. Aka yi ta ja-in-ja a tsakar gida da Hausa da Dagbanci kamar gobe za a fara haƙa. A ƙarshe Tahidu ya yi musu ƙaramar tasha ta lodin doya da gyaɗa, suka tafi suna murna.

Ana cikin haka maganar 'yancin kai ta cika gari. An sa rana, Laraba shida ga watan Maris, ƙasar za ta tashi daga Gol Kos ta koma Ghana. Ticha Abdulwahabu, malamin makarantar firamare da ke cikin masu shirya bikin unguwa, ya zo ya gani da idonsa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya zagaya ya sake zagayawa.

"Malam Tahidu, wannan ba abin ɗaki ba ne. Ranar Laraba za a kai shi filin makaranta, kowa ya gani."

"Ticha, ai wasa ne muke yi ni da mai ɗakina."

"Wasan ne muke so. Allon tasha fa, wa zai rubuta?"

Ticha ya rubuta TAMALE da bakin alƙalami a kan guntun kwano fari, Tahidu ya ƙara da ajami a ƙasa. Hawawu ta haɗa zare ja da rawaya da kore ta saƙa tuta kamar farcen babban yatsa, ta ɗiga baƙin tauraro a tsakiya.

Sai ana saura kwana biyu Imoru ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ƙofar, ya dubi ƙyauren nan uku da aka kafe wuri guda, ya ce, "Aboki, ta ina zai fita?"

Ba wanda ya taɓa tunanin wannan. Ƙofar ɗakin ƙarama ce, kuma tana kallon bangon zaure, babu wurin juya abu mai tsawon mutum uku. Jirkita shi kuwa, Kumasi za ta zubo a kan Tamale. Imoru ya ce a fasa bango. Ticha ya ce a ɗaye rufi. Tahidu ya zagaya abin sau biyu yana taɓa gefensa, sannan ya ce a miƙo masa zarto.

"Maigida!" in ji Hawawu.

"Riƙe min gadar."

Ya narke dalma a bakin gada biyu ya ɗauke ta ɗungum ya sa mata a hannu. Ya zare gilashin kogi. Ya shiga ƙarƙashi ya yanke katakan da suka haɗa ƙyauren, ya bi layi da almakashi ya datse a kowace mahaɗa, ya yi wa bakin kowane yanki ɗan hannun kwano da zai zura cikin ɗan'uwansa. Gumi na zuba masa. Da aka ja sai ƙasar ta rabu gida uku, itace biyu kawai suka faɗi.

Ranar Laraba da hantsi maza goma sha biyu suka ɗauko ta a ka, huɗu-huɗu. Kumasi a gaba, kogi a tsakiya, Tamale a baya, Hawawu na biye da gada a kan faranti kamar mai kai kayan biki, Tahidu rungume da kan jirgi a cikin hularsa. Makaɗan Dagomba da ke kan hanyarsu ta zuwa fili suka gan su, suka juyo suka shiga gaba da gangunansu. Mata suka fito ƙofar gida suna guɗa. Mma Zaratu ta bar tukunyar kokonta a kan wuta ta bi sahu tana nuna wa duk wanda ta gani, "Ga gidana can, mai zabi!"

A filin makaranta aka jera tebura a ƙarƙashin mangwaro. Aka sauke, aka zura layi cikin layi, aka kwantar da kogi, aka ɗora gada. Jama'a ta yi da'ira, na baya suna hawa benci. Tahidu ya cusa ɗan audugar rimi a bututun hayaƙi, ya murɗa makulli, ya ajiye jirgi a gefen Kumasi, ya yi bisimilla ya saki.

Jirgi ya fita daga cikin dogayen itatuwa, ya sha kwana, ya miƙe ya nufi kogi. Yana hawa bakin gada sai ya yi tsalle, ya kauce, ya faɗa kan gilashin a kife, taragon suka bi shi.

Wani daga baya ya ce, "Ya nutse a Yeji!" aka kwashe da dariya. Tahidu ya matso bakin gadar. Ya sunkuya ya sa ido daidai da layi, ya ga teburin tsakiya ya fi na Kumasi tudu da kaurin ɗan yatsa, ƙasar filin ba daidai take ba.

Hawawu ta matso. Ta karɓi moɗar ruwa a hannun wata mata ta zuba a farantin da ta ɗauko gada, ta ɗora a kan teburin. Ruwan ya taru gefe guda.

"Imoru, ɗaga wancan ƙafar."

Imoru ya durƙusa da sabuwar rigarsa ya ɗaga, Ticha ya cusa littafin rajista, bai isa ba, mahauci ya miƙo marfin gwangwani, wani ya cire takalminsa ɗaya ya bayar. "Kaɗan kuma. Ya yi yawa. Tsaya nan!" Ruwa ya kwanta daidai a tsakiyar faranti.

Tahidu ya goge kan jirgin da bakin rigarsa, ya duba ƙafafun, ya sake murɗawa. Wannan karon makaɗan suka sassauta kiɗa suna bin tafiyarsa. Ya fito daga Kumasi. Ya sha kwana. Ya hau gada, wayoyin suka ɗauki ƙara siririya, inuwarsa na gudu a cikin ruwa a ƙasa, Imoru na tafe a gefensa a tsugune yana ihu, "Wuce! Wuce! Ba jiran fito!" Ya sauka a hayin arewa, ya ratsa Salaga, ya shiga cikin kaɗanyu, ya wuce tankin ruwa, sifirin ya fara saki, tafiyar ta yi sanyi, ta yi sanyi, ya zo ya tsaya kamu ɗaya gaba da allon da aka rubuta Tamale.

Abin da ya biyo baya Tahidu bai taɓa iya ba da labarinsa daidai ba. Ya dai san ƙafafunsa sun bar ƙasa, ya ga rassan mangwaro kusa da fuskarsa, ganguna kamar za su fashe, hularsa ta tafi bai san inda ta faɗi ba. Ta tsakanin kawuna ya hango Hawawu riƙe da farantin ruwa a ka tana rawa, ruwan na zubo mata a wuya.

An yi ta sake shi. Liman ya murɗa sau ɗaya, Mma Zaratu ta murɗa, wani akawu ɗan kudu da ya girma a gefen dogo ya duba sigina ya ce hannunta a daidai yake, ya miƙa wa Tahidu hannu biyu. Wajen azahar, a tafiya ta arba'in da wani abu, sifirin ɗin agogon ya ce ƙas, ya tsinke. Tahidu ya ɗaga kai a tsorace, yana jiran jama'a ta watse. Ba wanda ya motsa. Da yawansu ma ba su lura ba, sun sunkuya a kan gidaje, wannan na neman ƙofarsa, wancan na gardamar cewa mangwaronsa ya fi haka girma, wata na ƙirga rumbunan Choggu. Ya ɗaura wa jirgin baƙin zare ya ci gaba da ja da hannu har rana ta yi sanyi.

Ticha ya roƙa aka bar abin a makaranta, a ajin ƙarshe, inda ya yi damina huɗu kafin gara ta shiga ƙyauren ta ƙasa. Tahidu ya je ya kwashe tasha da gada da gidajen da suka tsira, ya raba wa masu su. Jirgin gaske bai zo Tamale ba a zamaninsa. In an tsokane shi da maganar, sai ya ce shi dai ya gama nasa aikin, saura na gwamnati.

Wani abu dabam ne ya zo. Bayan bikin da wata biyu, wani magini mai suna Fuseini ya tsaya a rumfarsa yana sosa ƙeya. Wani mai fataucin shanu ya ba shi aikin gidan bene, irin wanda Fuseini bai taɓa ginawa ba, kuma duk bayanin da ya yi, mai gidan ya ce bai gane ba.

"Ka yi min ƙaraminsa, Mai Fitila, ya gani da ido. In ya so ya rushe a teburinka, ba a filina ba."

Tahidu da Hawawu suka yi shi cikin kwana tara, rufinsa ana ɗagawa a ga ɗakuna. Mai shanu ya zo ya zura yatsa ta ƙofa, ya bi matakala da shi har sama, ya ce matakalar ta yi tsaye, uwarsa ba za ta iya hawa ba. Aka ɓalle aka kwantar da ita, aka mayar da ɗakin tsohuwa ƙasa kusa da rijiya. Fuseini ya ɗauki ƙaramin gidan a ka ya tafi da shi wurin aiki, washegari aka fara haƙa tushe.